Ɗakin da ya fi azararsa faɗi

Ramlatu, jiya da kike yi wa yayanki ƙorafi a tsakar gida ina jin ki daga madafi, ban dai sa baki ba. Kin ce gwamnatin jiha ta kawo sabon tsari, wai kowane ɗalibin kwaleji sai ya zauna da malami mai ba da shawara tun zangon farko, su jera darussan da zai ɗauka har ranar gamawa. Kin ce ke ba yarinya ba ce da za a riƙe wa hannu, za ki ɗauki abin da ranki ya kwanta da shi, sauran ki cike daga baya. Ni karatuna bai kai can ba, kin sani. Wani misali ne da babana yakan ba mu ya faɗo mini, na ga gara in rubuto miki, don da baki ba zan iya ba.

A wani gari mai unguwa ya kafa doka, duk mai son tayar da ɗaki sai ya fara zama da sarkin magina kafin ya kwaɓa ƙasa, saboda kowace shekara sai damina ta tarar da ɗakuna babu rufi. To akwai wani manomi, ƙarfi gare shi, hannunsa kuma ya iya tubali. Tsohuwarsa tana kwana a wata bukka mai yoyo, ya yi mata alkawari damina mai zuwa a soro za ta kwana. Da aka ce ya je wurin sarkin magina sai ya yi dariya, ya ce, "Ƙasa tawa, hannu nawa, uwa tawa. Me tsohon nan zai gaya mini?" Ana gama girbi ya kama aiki. Ba rago ba ne, kar ki ce haka. Ya haƙa ƙasa, ya buga tubali, ya shata ɗaki mai faɗi, don tsohuwa ta sami wurin gadonta da na kwanukanta da inda jikoki za su baje. Bango ya tashi, ya yi yaɓe sumul, masu wucewa suna tsayawa suna yabawa. Maganar azara, wato itacen giginyar da ake jerawa a kan bango a yi rufi, ya bar ta sai ƙarshe, tunda a ganinsa rufi ai shi ne ƙarshen gini. Maƙwabcinsa kuwa da ya je wurin sarkin magina, tambayar farko da aka yi masa ita ce ina azararsa. Kafin ya buga tubali ko ɗaya aka tura shi fadama wurin masu faskaren giginya, ya kwaso, aka auna faɗin ɗakinsa da tsawonta. Manomin nan yana ta yi masa tsiya: "Kai da ba ka da bango, me za ka rufe? Iska?"

Da bazara ta yi zafi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ya ɗaura wa jakinsa akumari ya nufi fadama. Ya tarar masu faskare sun watse, kowa ya koma sharar gonarsa, ba za su dawo ba sai wani rani. Abin da suka bari gajeru ne. Ya kwaso hakanan. Ya hau bango ya ɗora ta farko, kai ɗaya ya zauna, ɗayan bai kai ba, ta faɗa cikin ɗaki. Ya gwada wata, ita ma haka. A ranar ce ya je wurin sarkin magina. Tsohon ya zo ya taka ɗakin da ƙafarsa daga bango zuwa bango, ya ce ana iya tayar da ginshiƙi a tsakiya, amma ginshiƙi yana son ya bushe kafin ya ɗauki kaya, ruwa kuwa ba zai jira ba. Ya ce, "Da ka zo tun fari, ai maganar ba ta wuce zaman shan fura ba." Manomi ya yafa zana a kan bangon. Iskar ruwan fari ta kwashe ta. Kan bango ya jiƙe ya fara zubowa, yaɓen da ake yabawa ya kwaranye, cikin ɗaki ya zama kududdufi har da kwaɗi. Maƙwabci ya shige ƙaramin ɗakinsa ya ja ƙofa. Tsohuwa kuwa ta sake yin damina a bukkarta, tana ja da tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana tara kwano inda ke ɗiga. In ta fito da safe takan dubi ɗakin, ta wuce.

Ke da bakinki na ji kina cewa akwai darasin da sau ɗaya ake yin sa a shekara, akwai kuma wanda ba a ba mutum sai ya ci wani tukuna. Waɗannan su ne azararki. Innarku kuma kullum sai ta tambayi yayanki yaushe za ki gama, ke ce dai ba ta tambaya. Ki je ki zauna da malamin nan tun ƙasa tana ɗanya. Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.