Yatsu Uku na Koci Tidwell

Ranar Asabar za a sa wa filin ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka na kwalejinmu sunan Koci Vernon Tidwell. Ranar Alhamis kuwa yana gidan jinya, yana yi wa Lyle Haskew aski.

Shekara ashirin da biyu ke nan bai fasa zuwa ba. Mutanen gari har gori suke yi wa 'ya'yansu da shi, wai ga mutumin da bai manta da tsohon ɗan wasansa ba. Ni ma na yabe shi, ban san dawan garin ba.

Lyle ba wani gwani ba ne tun asali. An yi mamaki da Koci ya tuƙa mota mil ɗari huɗu zuwa wani ƙauye a jihar Mississippi don ya ba shi gurbin karatu kyauta. Uwar yaron, wadda ta raine shi ita kaɗai, ko hannu ba ta ba Koci ba. Cewa kawai ta yi, "Ka dawo mini da shi yadda ka ɗauke shi."

A wasan ƙarshe na shekararsa ta uku, wani ƙato ya yi karo da shi, hular kwano da hular kwano. Lyle ya fito gefen fili yana tangaɗi. Saura minti biyu, kofi na dab da shiga hannu, kuma babu wanda zai maye gurbinsa. A wancan zamanin gwajin buguwar kai ɗaya ne: Koci ya ɗaga yatsu uku.

"Nawa ne?"

"Huɗu, Koci."

"Ka kusa. Koma ciki."

Aka ci kofi. Amma karon da aka sake yi da Lyle bayan ya koma ciki ya kwantar da shi wata shida, ya tashi hannu na rawa, tunani na zuba kamar ruwa a kwando. Yanzu likita ya ce nan da bazara ba zai ƙara gane kowa ba.

Shi ya sa Koci ya zo yau da niyyar faɗa masa gaskiya. Kunya ta riƙe masa harshe, sai jan reza yake yi.

"Tsoho, hannunka ya fi nawa rawa," in ji Lyle. "Kada ka yanka ni kafin biki."

"Lyle, akwai maganar da nake so..."

"Maganar ranar wasan nan ce ko? Bar ta, Koci. Aikinka ka yi, ni ba ɗanka ba ne." Sannan Lyle ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya ke damuna. Da ubana yana filin, ko wane ne shi, da bai bari na koma ba."

Koci ya goge masa kumfa a haɓa, ya ce haka ne, ya tattara kayan aski ya fita.

Uban yana filin a ranar, shi ne ma ya tura shi ciki.