Inuwar Gicciyen Kirya

"Bana ba mai sumbatar gicciye," in ji Fada. "Kowa ya rusuna daga nesa, ya wuce."

Shekarar da agana ta shigo Madawa ke nan. An rufe 'yar cocin, aka fito da addu'ar Juma'a Mai Tsarki fili, kowa da tabarmarsa, taki uku tsakani.

Wata tsohuwa ce ƙarshen layi. Mijinta ne ya sassaƙa gicciyen nan da iccen kirya, ta ma san gurbin da gizagonsa ya goce, can ƙasa. Da cutar ta ɗauke shi lokacin sanyi, ba a bar ta ta matso kusa ba, ko hannunsa ba ta riƙe ba. Wata biyu tana jiran yau, don ta ɗora bakinta inda hannunsa ya taɓa.

"Fada, ni kaɗai," ta ce da ta iso. "Sau guda."

"Inna, in na bar ki, sai na bar kowa. Jikokinki na gida suna jiranki."

Ta durƙusa bakin zanen tokar da aka yi iyaka da shi, ta ƙi tashi. Fada ya dube ta, ya waiwayi ranar da ta karkata bayansa. Sai ya ɗaga gicciyen sama a hankali, har inuwarsa ta miƙe bisa rairayi, ta tsallake tokar, ta hau cinyarta.

Ta tara tafin hannuwanta, inuwar ta cika su. Ta sunkuya ta sa bakinta ciki, ta daɗe.

"Sannu da aiki, maigida," ta ce.