Jikijolon da Thembeka Ta Bari

MaNgcobo ta shafa reshen daga gindi har ƙarshe, ta sake shafawa. Sumul yake, in ban da 'yan ƙananan tudu da ta saba ji a ƙarƙashin yatsa. Shekara huɗu ke nan idonta yana ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi, amma hannunta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Jikijolonta, tsiron nan mai yaɗo da ke ba da ƙananan baƙaƙen 'ya'ya masu zaƙi, ba shi da ƙaya.

To, don me mata bakwai suke cewa ta yaudare su?

Ƙanwarta Thembeka ce ta kawo mata shi daga gonar da take aiki can kudu, ɗan tsiro cikin baƙar leda. "Yaya, wannan ba irin na bakin rafi ba ne," in ji ta. "Ki tsinki 'ya'yansa ido rufe, ba abin da zai soke ki." Shi ne abu na ƙarshe da ta ba ta kafin ta rasu.

MaNgcobo ta dasa shi a jikin wayar shinge. Ba a yi sati biyu ba aka kwantar da ita a asibitin birni don aikin ido. Da ta dawo, ta tarar tsiron ya ninka girma. Mijinta Mzwakhe ya ce takin shanu ne.

Wannan ma abin mamaki ne. Mzwakhe ya yi shekara ashirin cikin masu saran jikijolon daji, mai ƙayar nan da ke cinye wuraren kiwo. Ganyensa kawai zai hango, hannunsa ya kai ga adda. Amma na gida ya ɗauke shi kamar ɗa. Kullum da safe, kafin ya sha shayi, yana jikin shinge. Shi yake ɗaure sababbin rassa, shi yake cire waɗanda suka gama haihuwa. Ita nata tsinka ne kawai, ta dafa baƙaƙen 'ya'yan da sukari ta cika kwalabe.

Abu ɗaya ya hana: kada a ba kowa iri.

"Ba ya son a raba shi," yake cewa.

"Shi ya faɗa maka?"

Ta gaji da wannan rowa. Da sanyin bara, yana wurin aiki, ta tona gindin ta yanko saiwa bakwai, ta raba wa matan cocinsu na taron Alhamis. Ta yi musu alkawari da bakinta, har da sunan marigayiya.

Ruwa na sauka saiwoyin suka tsiro, kuma duk da ƙaya. Na gidan MaZondi, ƙawarta tun suna 'yan mata, ya ratsa cikin kabeji ya yage mata hannu. Magana ta zaga gari: MaNgcobo ta ɓoye mai kyau don ita kaɗai ta riƙa kai kwalabe bikin coci, ta tono musu ciyawar rafi. Alhamis da ta wuce ta shiga taro, ba wadda ta matsa mata a benci. A tsaye ta yi waƙa, a tsaye ta yi addu'a.

Da ta koma gida ta tari Mzwakhe. "Baban Lwazi, ka je ka yi musu bayani. Kai ka san itacen nan."

"Na ce kada ki bayar."

"Na riga na bayar! Yanzu sunana ne a bakin mutane, da na Thembeka."

"Wataƙila ƙasarsu ce," ya ce, ya ci gaba da shafa mai a hannunsa. Shekara biyu da mai da shi direban motar ma'aikata, amma har yanzu yatsunsa ba sa rabuwa da ƙananan yanka.

Ta tambayi mai sayar da iri a kasuwa, ya ɗaga kafaɗa. Ta sa aka karanta mata wata takarda a kan noman, ba ta ƙaru da komai ba. Ranar Juma'a ta aika wa MaZondi: ta zo ta gani da idonta, ta taɓa da hannunta, in ya so ta je ta faɗa wa sauran.

Mzwakhe ya ce a bari sai wani satin. Ta ce ko awa ɗaya ba za ta ƙara ba.

MaZondi ta iso da hantsin Asabar, hannu naɗe da tsumma.

"Ina sarauniyar itatuwan? A nuna mana, mu talakawa masu cin ƙaya."

"Ga shi nan. Taɓa, bakinki ya huta."

MaZondi ta taɓa. Ta ja tsaki, ta ciro tabarau daga jaka ta sunkuya. Ta bi reshe ɗaya da ido, ta ɗaga ganye ta duba bayansa, ta koma wani reshen. Ta daɗe haka. Da ta miƙe, ba ƙawarta ta kalla ba. Mzwakhe ta kalla, yana tsaye a bakin ƙofa yana murza hula.

"Kai, Hlongwane," ta ce a hankali, ta kira shi da sunan danginsa. "Kullum?"

"Kullum."

"Kullum me?" MaNgcobo ta ɗaga murya. "Ku yi mini magana, ba na ganin fuskokinku!"

"Hannu ne ya riga ni," in ji Mzwakhe. "Kina asibiti, na hango ganyen a jikin waya, na kai sara kafin in tuna na waye. Ban iya faɗa miki ba, sai na dasa wani a gurbinsa."

MaZondi ta kamo yatsan ƙawarta, ta ɗora a kan 'yan tudun nan ɗaya bayan ɗaya.

"Na bakin rafi ne, MaNgcobo, irin namu sak. Kowane tudu da kike ji gurbin ƙaya ne, mijinki ya aske ta da reza kafin ki tashi daga barci."