Fatiha a Ƙofar Gida

Muryoyin maza ne suka farkar da Abdulnasir. Ana shafa fatiha a ƙofar gida, a tsakar gida kuma wata mace tana shessheka.

Shekaranjiya ya iso Birnin Kudu daga Kanada, ya tarar da Baba a kwance, hawan jininsa ya tashi. Tun zuwansa barci ya birkice masa. Kowa ya kwanta shi idonsa biyu, domin jikinsa yana can inda rana ba ta faɗi ba. Yanzu ma ɗakin da duhu, taga a rufe, jikinsa na gaya masa ko gari bai waye ba. Me zai tara mutane da sassafe haka?

"Innalillahi! Baba!"

Ya zare sakata, ya fito ko takalmi babu. Rana ta dalle masa ido. Ga Inna zaune tana share hawaye. Ya wuce ta, ya nufi zaure da gudu.

Sai ga Baba a kan kujera cikin babbar riga, yana dariya har da tari.

"Mun yi ta bugun ƙofa har muka gaji," in ji ƙanensa Jafaru. "Baba ya ce a ƙyale ka, jikinka bai iso ba tukuna. Yanzu muka dawo daga Gwaram."

"Gwaram? Ƙarfe nawa ne?"

"Azahar ta kusa, Yaya. An ɗaura aurenka tun ɗazu. Allah ya sanya alheri, ango!"