Maigida Yana Gadi

"Buɗe mana abin da kyamarar ta ɗauka," in ji ɗan sanda.

Maigida ya fara kame-kame. Shi ne fa ya huda bango, ya jawo kebul ɗin intanet daga kwamfutar matarsa zuwa tasa da ke falo. Ya ce mata don tsaro ne: da kebul hoton kyamara ba ya yankewa, ko ƙuda ne ya shigo gidan sai ya gan shi. Bai gaya mata wasan harbe-harbe ma ba ya yankewa ba.

Yau da rana tsaka aka sace mata keken ɗinki, shi kuma yana gida.

"Ina banɗaki lokacin," ya ce. "Kuma kyamarar nan kwana biyu tana ɗan..."

"Matsa," in ji matar, ta danna da kanta.

Ga falo. Ga maigida a kujera, ya ƙura wa kwamfuta ido yana ta ɓarin wuta. Ga wani ƙato ya fito daga ɗaki da keken a kafaɗa, yana sanɗa. Har ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya leƙa wasan ta bayan maigida.

"Kauce hagu! Hagu, malam, za su kashe ka!"

Maigida ya kauce, ya harbe abokan gaba, ko waiwaye bai yi ba.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa. Ja mini ƙofar in za ka fita."

Ɓarawon kuwa ya ja ta, a hankali.