Audugar da Ba a Buɗe Ba

"Ba ciki ba ne, Malam," in ji ma'aikaciyar jinya. "Yarinyar da ba ta daɗe da fara al'ada ba, ƙwan haihuwarta bai gama ƙosawa ba. Takan yi watanni ba ta gani ba. Kai ma gemun nan naka rana ɗaya ya cika?"

Mahaifin yarinyar, wanda tela ne, bai yi dariya ba. Tun da ya ga audugar matan da yake saya wa 'yarsa tana taruwa ba a buɗe ba, ya hana ta makaranta, ya daina amsa gaisuwarta. In ta kawo masa abinci shago, sai ya ƙara wa keken ɗinki gudu.

A ƙofar asibitin ya tsaya yana neman bakin ba ta haƙuri, sai ta riga shi.

"Baba, ashe ba mutuwa zan yi ba?"

"Mutuwa kuma, uwata?"

"Na zaci ciwon da ya kashe Umma ne. Da ka daina kallona, sai na ce ai ka sani, tausayina ne ya hana ka faɗa."