Hatimin Hannun Mutum

Tun da na'urori suka iya kiɗa, hukuma ba ta buga wa faifai hatimin "hannun mutum" sai ta ji kuskure a ciki. Barau kuwa shekara arba'in yana horar da yatsunsa kan jitar kiɗan rok har suka daina kuskure.

"Kawu, hukuma ta sake dawo da waƙar," in ji Talatu mai ɗaukar sauti. "Wurin da ka ɓata da gangan ma sun gane."

Ya sake ɗaukar jitar. Wajen la'asar hannunsa ya soma karkarwar da yake ɓoye wa iyalinsa tun bara. Yatsa ya zame daga tsirkiya.

Talatu ta yi murmushi. "Madalla, Kawu, wannan za ta wuce. Saura waƙa takwas."